Harshen Gidan Mata: Sharhi a Kan Abin da Manazarta Bariki Suka Ji da Abin da Ya Wuce Su

1.0 GABATARWA

A watan Oktoba na shekarar 2023, rundunar tsaro ta Sibil Difens reshen Jihar Gombe ta ba da sanarwar cewa ta kama mutum 76, maza 59 da mata 17, a wajen wani bikin zagayowar ranar haihuwa a garin Gombe, bisa zargin cewa an shirya ɗaura auren jinsi ɗaya a wurin. Duk lokacin da labari irin wannan ya ɓulla, kalmomi biyu ne suke yawo a bakin jama'a da gidajen rediyo, wato luwaɗi da maɗigo. Game da mazan da ake jifa da kalma ta farko, manazarcin harshe yana da littattafai da kundaye da zai duba ya ga yadda suke magana, da sana'o'insu, da sunayen da suke kiran junansu. Game da matan kuwa, abin da yake a rubuce bai taka kara ya karya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan muhimman ayyukan da aka yi game da gidajen mata da rayuwar dare a ƙasar Hausa, musamman na Renée Pittin a Katsina da na Rudolf Gaudio a Kano, tare da auna su da nazarin da aka yi a kan mashayar mata zalla a tsakanin Sinawa. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, kalmomin da aka tattaro daga gidan mata kusan dukkansu na hulɗar da namiji yake ciki ne, ko a matsayin baƙo, ko kawali, ko manazarci. Hulɗar mace da mace kuwa ba ta bar wa ƙamus komai ba sai kalmomin zargi. Hukuncin addini a kan waɗannan ayyuka sananne ne, malaman fiƙihu sun yi bayaninsa, kuma ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Aikin ilimin harshe shi ne ya bayyana abin da kalma take nufi, da bakin da ta fito, da kan wanda ta faɗa.

2.0 BARIKI: WURI DA KALMA

Kafin a shiga gidan mata ya kamata a san unguwar da yake. Tsarin birane na zamanin Turawa, musamman bayan dokar garuruwa ta 1917, ya raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, har aka tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin ɓangarorin biyu. Mazaunin Turawan nan shi ne daga baya ya zama GRA. Garin Gombe misali ne mai kyau, domin shi kansa a wannan zamani ya kafu a matsayin hedikwata: an taso da sarautar daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa a 1913, sannan zuwa Doma, wato Gombe ta yau, a 1919. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, ya ƙara yawan baƙi da 'yan ƙwadago da fatake. A ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha, sai GRA ta zama matattarar manyan ma'aikata da masaukin baƙi.

Bahaushe ya kira wannan sashe na gari bariki, kalmar da ya aro daga sunan sansanin soja a Ingilishi. Abin lura shi ne yadda kalmar ta tashi daga sunan wuri ta koma sunan hali:

(1) ɗan bariki, 'yar bariki, matan bariki
(2) zaman bariki, idon bariki
(3) barikanci

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nufin mutum yana da gida a GRA. Suna nuni ne ga wanda ya fita daga idon dangi da na mai unguwa, ya koyi wayon zama da baƙi. Haka kalmar kilaki, wadda asalinta sunan malamin ofis ne a Ingilishi, ta koma sunan karuwar zamani. Wato dai harshen ya ajiye tarihin abin a cikinsa: inda albashi da giya da baƙunci suka haɗu, nan rayuwar dare ta yi saiwa. A yau taron dare ya ragu a gidan magajiya, ya koma ɗakunan taro na haya da otal-otal, ya kuma zo da nasa kalmomin aro irin su fati da kulob da bazde. Babu wani wuri a Gombe ko Kano ko Zariya da zai kafa allo ya ce shi mashayar mata masu neman mata ne, domin doka ta hana. Saboda haka gidan mata, wato gidan da mata masu zaman kansu suke haya a ƙarƙashin magajiya, shi ne abu mafi kusa da za a iya nazari.

3.0 GIDAN MATA A IDON MASANA

Abner Cohen (1969), a littafinsa kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa karuwanci a wurin Bahaushe mataki ne da mace take shiga ta fita, tsakanin wani aure da wani. Jerome Barkow (1971) ya ƙara da cewa hulɗar karuwa da mai nemanta ta fi kama da zance da toshi, domin akwai hira da kyauta da jan rai, kuma tana da ikon ta ƙi. Pittin, wadda ta yi bincike a Katsina a farkon shekarun 1970, ita ce ta shiga cikin gidajen sosai. A maƙalarta ta 1983 mai suna Houses of Women, da littafinta na 2002, Women and Work in Northern Nigeria, ta bayyana tsarin gidan, da matsayin magajiya, da zaman 'yan daudu tare da matan, da yadda hukuma takan kore su ko ta tilasta musu aure idan fari ko wata masifa ta auku. Barbara Cooper ta ga irin wannan a Maraɗi, inda a tarzomar watan Nuwamba na 2000 aka far wa mashaya da gidajen mata marasa aure.

Babbar gudummawar waɗannan ayyuka ga ilimin harshe ita ce warware ma'anar kalmar karuwa. Sun nuna cewa fassara ta da kalmar Ingilishi guda ɗaya yana tauye ta, domin akan jefi bazawara mai sayar da abinci da ita, ko ma'aikaciyar da ta kama ɗaki ita kaɗai, alhali su matan sun fi son a ce da su masu zaman kansu. Sun kuma nuna cewa abin da ake biya a gidan mata ya wuce kwanciya. Akwai girki, da hira, da tarairaya, da sauraron koken namiji, da wankin kaya, da rufa asiri. Wannan shi ne abin da masana na baya-bayan nan, irin su Eileen Boris da Rhacel Parreñas (2010), suka yi wa laƙabi da abin da za a iya fassarawa da hidimar kusanci. Viviana Zelizer (2005) ta yi dogon bayani don ta gamsar da masu karatu a Amurka cewa kuɗi da ƙauna suna cuɗanya ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba. Al'ummar da take da kalmomin toshi da kuɗin zance da kayan na-gani-ina-so ba ta bukatar wannan dogon bayani.

Sai dai inda aka gaza shi ne, hankalin waɗannan masana ya fi karkata ga tattalin arziki da aure. Tambayarsu ita ce: me ya fitar da mace daga ɗakin miji, me take samu, yaushe za ta koma? Dangantakar matan gidan da junansu ta fito ne a matsayin taimakekeniya da adashi da biyayya ga magajiya. Ba a ɗauko hirarsu kalma da kalma yadda mai nazarin harshe zai sa ta a faifai ba. An ƙirga ɗakunan gidan, an san kuɗin haya, amma maganar tsakar gida bayan baƙi sun watse ba ta shiga littafi ba.

4.0 GAUDIO DA YAREN HARKA

Littafin Gaudio, Allah Made Us (2009), wanda ya samo asali daga kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a 1996, shi ne ya cike wani ɓangare na wannan giɓi. Kafin shi, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi (1983) sun yi nazarin 'yan daudu ta fuskar zamantakewa, Fremont Besmer (1983) kuma ya taɓo su a nazarinsa na bori, inda ake danganta sunan da iskan nan Ɗan Galadima. Abin da Gaudio ya ƙara shi ne kunne. Ya naɗi hira, ya rubuta ta, ya nuna gwanintar 'yan daudu wajen habaici da karin magana da zaurance, da yadda suke fakewa da kalmar wasa su faɗi abin da ba ya faɗuwa. Ya kawo kalmomin abin da suke kira yaren harka, inda harka take nufin neman maza, makaho kuma yake nufin wanda bai san dawan garin ba. Ya kuma bi sana'o'insu, wato sayar da abinci a tasha da kasuwa, da kawalci, da ci-rani a Jidda, ya yi sharhi a kan fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na 2002.

Mafi amfani ga masu nazarin nahawu shi ne batun wakilin suna. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi jinsi a mutum na biyu da na uku tilo: kai ko ke, ka ko ki, shi ko ita, ya ko ta. Idan ɗan daudu ya ce da ɗan'uwansa:

(4) Ke ƙawa, ina kika shiga?

to nahawu kaɗai ya isa ya bayyana matsayin da suka ɗauka a tsakaninsu. Idan baƙo ya shigo, sai a koma kai da ka, ko a fake da lamirin da ba ya nuna jinsi:

(5) An shigo lafiya?

Wannan sauyi tsakanin (4) da (5) hujja ce mai ƙarfi cewa jinsin nahawu, wanda ake koyarwa a aji kamar abu ne kafaffe, makami ne a hannun mai magana.

Duk da haka akwai abubuwa uku da za a ɗauka a kan littafin. Na farko, sunansa ya yi alƙawarin bayani a kan duk waɗanda suka saɓa wa ƙa'idar jinsi a birnin, amma maza ne suka cika shi. Mata masu zaman kansu suna nan a matsayin uwayen ɗaki da abokan sana'a, muryarsu kuwa ƙalilan ce. Kasancewar marubucin namiji, kuma baƙo, ya buɗe masa wata ƙofa ya rufe masa wata. Na biyu, kalmar kifi, wadda ake amfani da ita ga neman mace da mace, ta zo ne ta bakin 'yan daudu, waɗanda suka are ta suna kiran hulɗar ɗan daudu da ɗan daudu da ita. A kan wannan ne ya gina maƙalarsa ta 1998. Ke nan ko kalmar da ta shafi mata, ta hannun maza ta iso ga masana. Na uku, Hausar littafin ta Kano ce. Ba za a ɗauka cewa abin da aka ji a Sabon Garin Kano shi za a ji a Gombe ba, inda Hausa take gogayya da Fulatanci da Teranci da Tangale da Bolanci.

5.0 ABIN DA AKA GANI A TSAKANIN SINAWA

Kwatanci da wata al'umma yakan fito da abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. A Taiwan, tun daga tsakiyar shekarun 1980, dab da ɗage dokar soja a 1987, aka fara samun mashaya da ake kira mashayar T, waɗanda Antonia Chao ta yi nazari a kansu. T harafin farko ne na kalmar Ingilishi da ake kiran yarinya mai ɗabi'ar maza da ita. Ita T takan yi aski, ta ɗaure ƙirji, ta sa tufafin maza. Abokiyar zamanta kuwa ana ce da ita po, wato matar aure. A waɗannan mashaya T ce take hidima: ta zuba abin sha, ta zauna hira, ta yi waƙa, ta lallashi baƙuwa, kuma da wannan take ci. Da yawa daga baƙin nan mata ne da su kansu suke irin wannan hidima ga maza a wasu mashayar, sai su zo nan a yi musu abin da suka wuni suna yi wa wasu. Denise Tang (2011) ta yi nazarin irin waɗannan wurare a Hong Kong, inda tsadar haya da neman sutura suka sa da yawansu suke can saman benaye. Lucetta Kam (2013) a Shanghai da Elisabeth Engebretsen (2014) a Beijing sun bi rayuwar matan da suke kiran kansu lala, da rabuwarsu zuwa T da P da kuma masu cewa su ba su rarrabe ba.

Abubuwa uku ne za a ɗauka daga nan. Na farko, wuri shi yake haifar da kalma. Da aka sami ɗakin da mata suke taruwa su kaɗai, sai sunayen da suka raɗa wa kansu suka fito fili har aka rubuta su. Na biyu, waɗanda suka yi nazarin mata ne, sun zauna da matan, sun ji daga bakinsu. Na uku ya shafi nahawu. A Sinancin baka lafazin ta ɗaya ne ga shi da ita, sai a rubutu ne aka bambanta su, shi ma a wajen shekarar 1920. Don haka nauyin nuna jinsi ya faɗa kan tufafi da aski da laƙabi. A Hausa kuwa wakilin suna yana ɗauke da rabin nauyin, kuma ana iya sauya shi cikin ƙiftawar ido ba tare da an bar shaida ba.

Akwai kuma kama ta fuskar doka. Har zuwa 1997 ana kama masu irin wannan hulɗa a ƙasar Sin ƙarƙashin wani laifi mai faɗi da ya yi kusa da abin da Bahaushe yake kira iskanci, kuma sai a 2001 aka cire ta daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. A Arewacin Nijeriya ma, kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Daga nan hanyoyin suka rabu: Taiwan ta halatta auren jinsi ɗaya a 2019, Nijeriya kuwa ta ƙara tsananta haninsa a 2014. Saboda haka ba za a ɗauko T da P a jingina wa matan Hausa ba. Abin aro a nan hanyar bincike ce kurum.

6.0 MAƊIGO DA ƘAWANCE

Idan aka dubi kalmomin Hausa da kansu za a ga rashin daidaito a fili. Luwaɗi da sihaƙi da kawali daga Larabci suke. Maɗigo kuwa ba ta da kamar aro daga Larabci ko Ingilishi, kuma tsofaffin ƙamusoshin zamanin Turawa sun kawo ta. Wannan kaɗai ya isa ya raunana da'awar masu cewa abin baƙo ne da fim ko intanet suka shigo da shi. Amma kalmar sunan aiki ce da ake faɗa a kan wata. Ba a san ta da zama sunan da mace take kiran kanta da shi cikin natsuwa ba.

Haka nan ɗan daudu ba shi da kishiya a ɓangaren mata. Ba a cewa 'yar daudu ana nufin mace mai ɗabi'ar maza. Abin da harshen ya tanada shi ne:

(6) mace mai kamar maza
(7) kallabi tsakanin rawuna

Dukkansu yabo ne, ana yi wa jaruma ko shugaba. Namiji ya yi kama da mata abin gori ne, mace ta yi kama da maza abin kirari ne. Sakamakon haka, macen da ta ɗauki halin maza ba ta da wani rukuni da harshe ya keɓe mata, sai ta ɓace a cikin yabo ko a cikin zargi.

A ɗaya gefen kuma Hausa tana da yalwar kalmomin shaƙuwar mata. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta yi bayanin ƙawa da ƙanwar rana da irin hakkin da yake tsakaninsu na biki da gudummawa. Akwai uwar ɗaki da 'yar ɗaki, akwai aminiya. Mata suna yi wa juna kitso da lalle da dilka da gyaran jiki, suna kwana ɗaki ɗaya a gidan biki, kuma babu wanda ya taɓa ganin aibu a ciki. Wannan ma hidimar kusanci ce, wani lokaci da lada, wani lokaci don zumunci.

A nan ne kurakurai biyu suke jiran manazarci. Na farko shi ne na wanda ya zo da tabaron wata al'umma, ya ga ƙawance ya ce ya gano maɗigo a ɓoye. Na biyu shi ne na wanda ya ga ƙamus bai ba shi komai ba ya ce babu komai. Kuskuren farko ya fi haɗari, domin ba a takarda yake tsayawa ba. Zawarawa biyu da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki, ko ɗalibai biyu da suka shaƙu a makarantar kwana, su ne suke kwana a ciki idan ƙawance ya zama abin tuhuma.

7.0 ADABI, DOKA DA NAUYIN FASSARA

Rubutaccen adabi bai cike giɓin ba. Waƙar Karuwa ta Mu'azu Haɗeja, da 'Yar Gagara da Ɗan Daudu na Aƙilu Aliyu, waƙoƙin gargaɗi ne masu ƙarfin harshe, amma murya ce ta namiji mai tsaye a ƙofar gida yana nuni da yatsa. A adabin kasuwar Kano, littafin Matsayin Lover na Alkhamees Bature Makwarari ya tayar da ƙura saboda ya taɓo neman mata a tsakanin 'yan mata 'yan makaranta, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya tattauna a rubuce-rubucensa. Abin lura shi ne an ɗauke batun daga gidan magajiya an kai shi ɗakin kwanan ɗalibai da gidajen masu hali, wato daga bariki ta dā zuwa bariki ta yau.

Doka kuwa ta ba kalmomin nan nauyin da ba su da shi a dā. Kundayen shari'ar Musulunci da jihohin Arewa goma sha biyu suka kafa daga shekarar 2000, ciki har da Gombe a sahun jihohin, sun sa batun a gaban alƙali. Kundin Zamfara, alal misali, ya tanadi bulala har 50 da ɗauri har na wata 6 a kan sihaƙi. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya halarta a matsayin shaida ko ya taimaka, ko ya gudanar da kulob na masu wannan hulɗa.

A ƙarƙashin irin wannan doka, fassarar kalma guda tana iya raba mutum da gidansa. A ɗauki kalmar biki. Tana nufin shagalin aure, tana nufin kowane irin shagali, tana kuma nufin gudummawar da ƙawa take kai wa ƙawarta da sa ran ramawa. Mata masu zaman kansu da 'yan daudu sun daɗe suna shirya biki da ajo don tara kuɗi, da makaɗa da liƙi da anko. A watan Afrilu na 2007 an ba da labari a Kano cewa wata mata ta auri mata huɗu a wani gidan wasa, har hukuma ta rushe wurin. Ita kuwa ta musanta, ta shaida wa BBC cewa taron na tara kuɗi ne don aurar da matan ga maza. Ko ma mene ne ya faru a daren, gardamar ta tsaya ne a kan ma'anar taro, wato wane irin biki ne. Haka kalmomin miji da amarya da uwa da 'ya suke: a bakin 'yan bori da 'yan daudu da ƙawaye suna da ma'anoni na aro da na wasa, waɗanda mai rubuta rahoto ko tafintan kotu zai iya mayarwa na zahiri.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa Pittin ta buɗe ƙofar gidan mata, Gaudio kuma ya naɗo muryar mazan da suke cikinsa, amma har yanzu zancen matan da junansu yana hannun masu zargi da masu gargaɗi. Daga wannan sharhi ana iya ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, masu tsara ƙamus su riƙa nuna rukunin kowace kalma irin su karuwa da kilaki da maɗigo da kifi: wa yake faɗar ta, ga wa, kuma zagi ce ko suna. Na biyu, a fito da dukkan ma'anonin biki da ajo da ƙawa da uwar ɗaki a ƙamusun fassara, domin tafintoci da 'yan jarida da su suke aiki. Na uku, nazarin maganar mata a gidajen biki da wuraren kitso da ɗakunan haya aiki ne da mata masana harshe suka fi cancanta da shi, kuma littattafan da mata suke rubutawa suna yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad taska ce da ba a taɓa ta sosai ba. Na huɗu, wanda ya naɗi magana ya ɗauki amana. Yaren da mutane suka ƙirƙira don sutura, idan aka jera shi a shafi da sunan unguwa da na gida, ya zama jagora ga mai farauta. Wajibi ne a sakaya suna da wuri, a kuma auna abin da bugawa za ta jawo kafin a buga.

Garuruwa irin su Gombe, inda harsuna da dama suke haɗuwa a kasuwa ɗaya, kuma GRA da tsohon gari suke kallon juna, su ne suka fi dacewa da a faro wannan aiki, domin a gane ko kalmomin da aka ji a Kano da Katsina na Hausa ne baki ɗaya ko na garuruwan nan biyu ne kawai.